Ashafa da Faifan Malam Muntaka

A kan hanyar Doma, kafin ka kai inda motocin doya ke sauke kaya, akwai wani shago mai ƙofar kwano da aka yi wa shuɗin fenti tun zamanin mulkin soja. Shagon Ashafa ke nan, mai gyaran rediyo a da, mai gyaran kwamfuta a yanzu. Shekararsa hamsin da takwas, gajere ne mai faɗin kafaɗa, kullum da tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a goshi, kuma rabin yininsa a neman na goshin yake ƙarewa. Ɗan Gwandara ne daga Arikya. Yana da shekara goma sha bakwai ya jingine fartanya ya shigo Lafia, ya ce shi hannunsa ba na huɗa ba ne, kuma tun daga lokacin bai koma gona ba sai dai ya je ɗaukar rabonsa na doya.

Wanda bai riski zamanin kaset ba, ba zai gane darajar da Ashafa ya taɓa samu a garin nan ba. A cikin kowace rikoda akwai ɗan ƙarfe da zaren kaset ke bi ta kansa, masu gyara suna ce masa hed, shi ne kan da ke karanto murya. A gefensa akwai ɗan mitsitsin sukuru. Idan kan ya goce ko da kaurin gashi ne, sai ka ji mawaƙi yana waƙa kamar mai mura. To Ashafa sai ya goge kan da auduga da sifirit, ya hura masa iska sau biyu, ya sa bakin sukundireba a sukurun, ya rufe ido, ya riƙa juyawa a hankali har muryar ta washe tangaram. Direbobi daga Doma da Makurɗi a ƙofarsa suke yin layi. Su ne suka sa masa Ashafa Kunne, sunan ya bi shi har yau, duk da yaran yanzu ba su san dalilinsa ba.

Kaset ya wuce, bidiyo ya zo, shi ma da nasa kan. Sidi ta zo, ita ma da nata idon da ake gogewa. Ashafa ya bi su ɗaya bayan ɗaya, auduga a dama, sifirit a hagu, kuma yawanci suna tashi. Daga nan ya yanke wa kansa hukuncin cewa duk abin da ke karanta abu a duniyar nan kai gare shi, duk kai kuwa datti ne ko gocewa ke damunsa. Da kwamfuta ta shigo ya koyi canza allo da batir da yi mata fomat, ya ci abinci da haka, ya aurar da 'yarsa Nasiha da haka. Mutumin kirki ne, wannan ba a musu. Aibinsa guda ne, kuma babba: a shekara arba'in na sana'a ba a taɓa jin ya ce wa mai kaya abu ya fi ƙarfinsa ba. Gara ya ce kayan gyaran ba su iso daga Legas ba.

Babban amininsa shi ne Malam Muntaka, hedimastan wata firamare, ɗan garinsu. Muntaka yana da wata lalura da mutane ke yi wa dariya a lokacin. Duk hutu sai ya ɗauki rikoda da batura ya shiga ƙauyuka, ya zauna gaban tsofaffi yana naɗar maganarsu da harshen Gwandara: waƙoƙin niƙa, sunayen doya na da, yadda aka kafa kowace unguwa, wa ya auri wa. Shekara ashirin yana yi, ya tara kaset fiye da ɗari. A cikin kowanne akwai muryarsa yana tambaya, yana tsokanar tsofaffin, yana wannan dariyar tasa mai ƙarewa da tari. A shekarar 2015 Ashafa ya zauna wata uku ya kwashe su duka ya zuba a faifan ajiya na kwamfuta, wanda masu sana'ar ke ce wa had-dis, ɗan akwati baƙi da bai wuce tafin hannu ba. Da ya miƙa wa abokinsa sai ya ce, cikin alfahari, kaset ya gama yayi, wannan har jikoki. Aka kai kasetocin sito, rufin sito ya yi yoyo, gara ta ƙarasa sauran. Ba wanda ya yi tunanin yin kwafi na biyu, har shi gwanin.

Muntaka ya rasu shekara huɗu da suka wuce. Matarsa Rekiya ta koma Azuba wajen 'yarsu Zuhra, wadda ta karanta injiniyan lantarki take aikin kafa sola. Duk Juma'a bayan la'asar Rekiya takan jona akwatin nan a tsohuwar kwamfutar gidan, ta ɗauko tiren agushi tana ɓarewa, mijinta yana hira da tsofaffin da duk sun riga shi tafiya. Wani lokaci har amsa masa take yi. Abin da ya rage mata nasa ke nan mai motsi, sauran duk riguna ne da takardu.

Wata Asabar a cikin watan Agusta, ana tsakiyar damina, sai ga Rekiya a ƙofar shago da rana tsaka, ta ƙunso abu a hankici. Idonta ya kumbura. Ashafa ya jawo mata benci.

"Baban Nasiha, abin ya faɗi," ta ce, da Hausarta ta Gwandara da ba ta raba namiji da mace. "Ina share tebur, gyale na ya ja waya, ya faɗi a siminti. Na jona, yana ƙas, ƙas, ƙas, ba ya kawo komai. Zuhra yana Keffi wajen aiki. Ya ce kar kowa ya taɓa, Litinin zai kai Abuja. Amma ni na kasa zama. Ka saurara mini kawai, ka gaya mini ko Malam yana ciki."

Ashafa ya jona, ya kara akwatin a kunne, ya rufe ido. Ya ji faifan ya tashi yana juyawa sumul, sannan wani abu ya tafi, ya dawo ya bugi wani abu, ya sake tafiya. Abin takaicin shi ne kunnensa bai yi masa ƙarya ba.

"Maman Zuhra, kwantar da hankalinki. Hed ne ya goce. Malam yana nan ciki lafiya lau. Ki bar mini shi zuwa gobe in ƙara saurara."

Ta yi ta sa masa albarka har ta hau keke ta tafi.

Da a nan ya tsaya, da ya zama mutumin da ya faɗi gaskiya ya kwantar wa bazawarar amininsa hankali. Amma maƙwabcin shagonsa, Iorkyaa, wani Batibi mai sayar da caja da murfin waya, yana jin komai, kuma bakinsa ba ya riƙe magana. Ya leƙo, ga mutum uku a benci sun fake wa yayyafi.

"Oga Kunne, abeg, wannan kaya ba a buɗe shi fa. Na ji a wajen yaran Abuja. Sai ɗaki na musamman. Wannan ya wuce zamanin ku."

Mutanen benci suka yi dariya. Ba dariyar mugunta ba ce, amma ta shiga Ashafa har ƙashi. Ya ce wa Iorkyaa ya je ya ji da cajojinsa na jabu. Da ruwa ya tsagaita mutane suka watse, sai ya jawo fitilar tebur, ya sauko da tabarau na goshi ya ɗora a kan na ido.

Ya ɓalle robar waje. A ciki akwai akwatin ƙarfe da sukurori masu kan tauraro, ya kwance su, murfin ya ƙi ɗagowa. Ya shafa takardar da ke manne a sama ya ji tudun wani sukuru a ƙarƙashinta. An ɓoye shi ne don mai hankali ya tsaya ya yi tunani. Ashafa ya ɗaga takardar da reza ya kwance shi.

Bai taɓa ganin abu mai tsabta irin wannan ba. Faifai ne kamar madubi, ya ga fuskarsa a ciki da tabarau biyu a ido. A gefe ga ɗan hannu siriri mai tsini, a bakinsa wani ɗigo baƙi da ƙyar ake gani. Ga hed, in ji shi a ransa, har ya yi murmushi kamar ya haɗu da ɗan garinsu a tasha. Ya jona wuta. Faifan ya juya har ya zama kamar ba ya motsi, hannun ya fita zuwa tsakiya, ya yi ɗan karkarwa, ya koma ya bugi mazauninsa. Ya nemi sukurun saiti sama da ƙasa, babu. Wannan ya ba shi haushi, ya ce Turawa sun fara rowar sukuru.

Sai ya cire wuta ya yi abin da hannunsa ya saba. Ya hura sau biyu. Hucin bakinsa ya dusashe madubin, ya ɗauko auduga ya tsoma a sifirit, ya dafe gefen faifan da babban yatsa, ya goge shi tas, ya goge ɗigon nan baƙi ma. Ya mayar da wuta. Da hannun ya fito tsakiya zai koma, sai ya tare shi da bakin sukundireba, ya ɗan tura shi ciki, kaɗan kawai, ya rufe ido yana jiran jin inda zai zauna daidai.

Abin da ya ji shi ne ƙara siririya kamar ana jan ƙusa a kan kwano. Ya buɗe ido ya fizge waya. A kan madubin akwai zobe fari, an kankare shi da'ira guda cif, ga wani gari-gari mai toka a gefen akwatin. Ya sake jonawa, don mutum ba ya yarda da farko. Zoben ya zama biyu.

Ashafa ya daɗe a zaune yana kallon zobban. Bai san ilmin abin ba, amma ya san ɓarna idan ya ganta. Ya mayar da murfi, ya ɗaure sukurori, ya shafa gam a takardar ya danne ta da bayan cokali har ta kwanta kamar ba a taɓa ba. Wannan aikin kam ya yi shi da gwaninta.

Washegari ya kai mata da kansa har Azuba. Ya zauna a tabarma, ya sha ruwa, ya ce, "Maman Zuhra, na ƙara saurara. Faɗuwar nan ta yi tsanani fiye da yadda na zata. A kai Abujan." A cikin maganar ba kalmar da za a kama a ce ƙarya ce, shi ya sa ta fi ƙarya muni. Rekiya ta dubi hannayenta ta ce, "Da hannu na. Mutum ya yi shekara ashirin yana tarawa, ni na zubar a minti ɗaya saboda sharar tebur."

Zuhra ta kai faifan wani kamfani a Abuja, aka ce ta ba su kwana goma. Labarin da ya dawo shi ne ba abin da za a iya cirowa. Daga ranar Rekiya ta daina cin abincin kirki. Ta daina zuwa islamiyya, ta daina fita ko ƙofar gida, ta ce ba ta da idon da za ta kalli dangin Malam. Ashafa kuwa duk bayan kwana biyu sai ya hau mashin ya je gaishe ta, da lemo a leda. Ya zauna ya ce ta yi haƙuri, ƙaddara ce, kowa yana kuskure. Yana faɗa yana jin harshensa kamar ba nasa ba. Idan ya dawo shago sai ya kasa haɗa ido da Iorkyaa, wanda bai ma san komai ba. Matarsa Dijatu ta tambaye shi ko zazzaɓi ne, ya ce ƙwarnafi ne.

Ranar wata Laraba da hantsi Zuhra ta zo shagon. Yarinyar da ya yi wa huɗuba a kunne ranar da aka haife ta, don Muntaka yana ƙauye da rikodarsa. Ta durƙusa ta gaishe shi yadda ta saba, ta zauna a bakin benci, ta ce tana so ta gaya masa abin da mutanen Abuja suka koya mata, tunda shi mai son sanin kan na'ura ne.

"Baba, ka ɗauka faifan nan gona ce," ta ce. "An yi mata kunyoyi a zagaye, kunya cikin kunya, dubu ɗaruruwa. Kaurin gashi ɗaya zai ɗauki kunya wajen dubu. Maganar Abba a kan kunyoyin nan take kwance. Shi kuma hed ɗin ba ya taɓa ƙasa sam, iskar juyawar faifan ce ke ɗauke da shi, tsakaninsa da faifan ko hayaƙi ba zai ratsa ba."

Ashafa ya ce, "Ikon Allah." Ya ɗauki wani tsohon batir yana jujjuyawa.

"Abin da ya fi ba ni mamaki, ba mai saita shi daga waje. Tun a masana'anta an bi kowace kunya an dasa mata alamomi, kamar yadda ake kafa dutse a iyakar gona. Hed ɗin yana tafiya yana karanta su, sau dubbai kafin ka ƙifta ido. Alama ta ce masa ka yi dama da yawa, sai ya dawo. Ta ce ka bar kunyarka, sai ya gyara. Maganaɗisu da ɗan naɗin waya ke tura hannun, su ma umarnin alamomin suke bi. Wannan ƙas ƙas da Mama ta ji, hed ne ya ji ciwo a faɗuwa, ya fita neman kunyarsa bai gani ba, ya koma ya sake fitowa."

Da gona take magana, ya sani. Amma duk sanda ta ce kunya sai ya ji kamar da shi take, har ya rasa inda zai ajiye idonsa.

"Sun ce da haka aka kai musu shi, aikin yini biyu ne. Su buɗe a ɗakinsu da ake tace iska, su sa sabon hed, ya karanta alamomin, komai ya fito. Faɗuwar ba ta taɓa faifan ba, Baba."

Ta ciro waya ta miƙa masa da hannu biyu. Hoto ne da suka ɗauka. Ga zobba biyu farare, ga silin auduga, ga kuma shatin babban yatsa a gefen madubi, ya fito raɗau, har da tabon da ƙarfen soda ya yi masa tun yana koyon aiki.

Ashafa ya so ƙasa ta tsage. 

"Ban gaya wa Mama ba," in ji Zuhra. "Na ce mata dai bai gyaru ba. Ba zan iya tsayawa a gabanta in kira sunanka a wannan maganar ba, kai ne ubana da ya rage. Amma jiya na sa ta a sikeli a kemis, ta zube, Baba. Tana cewa ita ta kashe shi karo na biyu." Ta karɓi wayarta, ta sake durƙusawa, ta ce a gaida Mama Dijatu, ta tafi.

Za a so a ce a take ya rufe shago ya bi ta. Bai bi ta ba. Ya ƙara kwana biyu yana shirya magana, yana neman wadda za ta fito da gaskiya ta kuma bar masa ɗan mutunci. Ya gwada cewa ya buɗe ne don taimako. Ya gwada cewa faifan dama ya riga ya lalace. Har laifin Iorkyaa ya gwada. Ranar Alhamis ya kai mararrabar Azuba ya juya, ya ce gajimare ya haɗu.

Ranar Juma'a bayan la'asar ya isa, bai riƙo lemo ba. Rekiya tana zaune a baranda a kan tabarma, tebur ɗin kwamfuta an lulluɓe shi da zani. Ta rame har wuyanta ya fito. Zuhra ta kawo ruwa ta koma ciki. Ashafa bai hau kujerar da aka nuna masa ba, ya tsuguna a ƙasa, ya cire tabarau duka biyun, duk maganar da ya shirya ta gudu.

"Maman Zuhra, ba faɗuwa ba ce ta lalata faifan Malam. Ni ne. Bayan kin tafi na buɗe shi, na goge shi da auduga, na tura hed ɗin da sukundireba. Na kankare shi da hannuna, na rufe, na manne takarda don kar a gane. Da ban taɓa ba, da an gyara a Abuja. Ban san aikin ba, na yi."

Rekiya ta dube shi kamar da wani yare ya yi magana. Kaza ta ratsa tsakar gida ta wuce. Can ta ce, a hankali, "Ashe ba ni ba ne."

"Ba ke ba ce."

"Ashe ba ni ba ne," ta sake cewa, sai kuka ya ƙwace mata, irin wanda ba ta yi ba tun ranar faɗuwar. Ta yi mai isarta, shi yana tsugune yana kallon siminti. Da ta share ido da bakin gyale, bai ga fushi a fuskarta ba, kuma da ya gani da ya fi masa sauƙi.

"Faifai, Allah ya riga ya ƙaddara," ta ce. "Malam ma da kansa ya tafi, balle muryarsa. Amma Baban Nasiha, sati uku. Sati uku kana zuwa gidan nan, kana zauna a nan, kana kallo na ina ƙarewa, kana ce mini in yi haƙuri kowa yana kuskure."

Ashafa ya ce, "Ki yafe mini."

Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta juya wajen ƙofar ɗaki ta ɗaga murya.

"Zuhra! Wannan tuwo na rana yana nan? Ɗumama mini, yunwa nake ji."

Zuhra ta fito da kwano da ruwan wanke hannu, ta tsaya tana duban mahaifiyarta, tana jiran a ce ta ƙaro na baƙo kamar yadda aka yi shekara talatin ana yi a gidan Malam Muntaka. Rekiya ta wanke hannu, ta yi bisimilla, ta fara ci.